Zanzibar ga iyalin da ba su iya ruwa ba: ina za a sauka, ina za a je?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Kaduna. Na daɗe ina tari domin in kai maiɗakina da yaranmu biyu Zanzibar a dogon hutun makaranta, wajen watan Agusta, mu yi mako guda. Babu wanda ya iya ruwa a cikinmu, ko teku ba mu taɓa gani ba. Ba na son mu biya kuɗin jirgi mu je mu ƙare a ɗakin otal. Waɗanne wurare ne na waje suka cancanci a je a gani, kuma a wane ɓangaren tsibirin ya kamata mu sauka? Sannan hotunan da nake gani a intanet duk na Turawa ne ba sutura a bakin ruwa. Anya wurin ya dace da mai iyali kuwa?"

Wa alaikumus salam. Allah Ya sa wa tarin albarka, Ya kuma cika buri. Idan na fahimce ka, kana son sanin inda za ku sauka, da abin da za ku fita gani wanda ba ya buƙatar iya ruwa, da kuma ko idon yaranka zai tsira. Sana'ata shirya wa iyalai irin wannan tafiya, kuma yawancin waɗanda ke zuwa wurina daga Arewa da irin waɗannan damuwowi suke zuwa. Abin da nake fara gaya musu shi ne, a Zanzibar ba kai ke tsara wa kanka yini ba, ruwa da iska ne ke tsara maka. Wuri ɗaya yana da fuska biyu a yini ɗaya, kuma hoton da ka gani a waya fuska ɗaya kawai ya nuna maka. Wanda ya gane haka tun daga gida zai more mako guda fiye da wanda ya yi mako biyu yana bin jerin sunayen wurare.

Zanzibar ba tsibiri ɗaya ba ne. Manyan guda biyu ne, Unguja da Pemba, da ƙanana barkatai kewaye da su, a tekun Indiya, daura da gaɓar Tanzaniya. Tun 1964 suke cikin tarayyar Tanzaniya, amma suna da shugabansu da majalisarsu. Ƙidayar 2022 ta samu mutum kusan miliyan 1.9, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. Inda kowa ke nufi idan ya ce ya je Zanzibar shi ne Unguja, mai tsawon kilomita 85 ko kusa da haka, faɗinsa kuma bai kai rabin tsawon ba. Babban birnin, wanda shi ma sunansa Zanzibar, da filin jirgin sama suna yamma. Daga can zuwa ƙuryar arewa tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce a mota, zuwa gaɓar gabas kuma sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Ƙaramin wuri ne, sai dai hanyoyin ba su da faɗi, akwai ƙauyuka da kekuna da shanu, kada ka auna tafiya da lissafin hanyar Kaduna zuwa Zariya.

Watan da ka zaɓa ya yi. Iskoki biyu ne ke raba musu shekara. Daga wajen Disamba zuwa Maris iska daga arewa maso gabas take kaɗawa, suna kiranta kaskazi, lokacin zafi ne mai ɗanko a jiki. Daga nan sai babbar damina, Maris zuwa Mayu, wadda ruwa kan wuni yana zuba, har wasu otal-otal su rufe. Sai iskar kudu, kusi, ta mamaye daga Yuni zuwa Satumba, gari ya yi sanyi-sanyi, ruwan sama ya yi ƙaranci. Agusta yana tsakiyar wannan. Illarsa ɗaya ce ga mutane irinku: iskar kusi tana da ƙarfi, teku kan yi tsalle musamman bayan azahar. Duk wata fita a jirgin ruwa ku yi ta da safe.

Ruwan da ke tafiya ya dawo

Wannan ne abin da ya fi ba wa baƙo daga Arewa mamaki, shi ne kuma zai yanke maka hukuncin inda za ka sauka. Sau biyu a kowace rana ruwan teku yana cikowa, sau biyu yana janyewa, saboda jan da wata da rana ke yi masa. Tsakanin cikowa da janyewa sa'a shida ne da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Ƙarfinsa ma ba ɗaya ba ne duk wata. A kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 zuwa 16 ga wata, bambancin tsayin ruwa tsakanin cikarsa da janyewarsa yakan kusa mita 4. Wajen 7 zuwa 9, da 22 zuwa 24, ruwan yakan yi kasala, ba ya ciko sosai, ba ya janye sosai. Ka ga ke nan kalandar Musulunci da ke rataye a falonka ta fi ta Bature amfani wajen tsara wannan tafiya. Bature sai ya sauke manhaja a waya kafin ya sani, kai kuwa ka riga ka san nawa ga wata.

A gaɓar gabas, wato Matemwe da Kiwengwa da Bwejuu da Paje da Jambiani, akwai shingen duwatsun murjani can cikin teku, kilomita ɗaya ko fiye daga bakin yashi. Tsakanin shingen da gaɓa fili ne shimfiɗaɗɗe mara zurfi. Idan ruwa ya janye a manyan kwanakin nan, sai ya bar filin gaba ɗaya a buɗe, kamar fadama bayan rafi ya koma makwancinsa: farin yashi, ƙananan kududdufai masu ɗumi, ruwa iya idon sawu, can nesa kuma farin layin kumfa inda igiyar ruwa ke dukan shinge. Bature mai son ninƙaya yana ganin haka sai ransa ya ɓaci, ya ce an yaudare shi. Ku kuwa wannan ne rabonku. Yaron da bai iya ruwa ba zai yi tafiya mai nisa a cikin teku ruwa bai wuce gwiwarsa ba. Kuma sa'a ta zo daidai, domin a manyan kwanakin janyewar rana tana faɗawa ne tsakanin hantsi da azahar.

Filin kuma ba kango ba ne, gona ce. Tun wajen 1989 matan Paje da Jambiani suke noman ciyawar teku a cikinsa. Za ka gan su zaune a cikin ruwa da zannuwansu da mayafansu, sun kakkafa turaku jeri-jeri, sun ɗaura igiya tsakaninsu, suna ɗaɗɗaura 'yan tsirran a jikin igiyar. Bayan kusan mako shida sai su girbe, su ɗauko a buhu a ka, su shanya a gefen gida, 'yan kasuwa su saya a fitar waje, inda ake tatsar wani sinadari mai sa kauri da ake zubawa a man goge baki da kayan abinci. Za ka kuma ga tarin duwatsu nan da can a cikin yashi. Idan ka tambaya za a ce maka ɓawon kwakwa aka binne a ƙasa, ya yi watanni yana jiƙa, a tono a daka a tufka igiya. Wasu kuma na yawo da tsinken ƙarfe suna zaƙulo pweza, halittar nan mai hannuwa takwas, daga ramukan dutse. A ganina wannan safiya ɗaya ta fi yawancin fitar da ake biyan kuɗi mai yawa a yi. Sai dai a yi sallama, a nemi izini kafin a ɗaga waya, a kuma kiyaye taka igiyoyin, abincin wani gida ne.

Abu biyu za ka kiyaye a nan. Na farko bushiyar teku, wata baƙar dunƙulalliyar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke laɓewa a gindin duwatsu. Ƙayarta tana karyewa a cikin tafin ƙafa, cire ta kuma aiki ne. Ka saya wa kowa takalmin roba mai rufe ƙafa tun daga gida, silifa ba ta isa ba. Na biyu dawowar ruwan. Ba ya zuwa da hayaniya, kuma ba lallai ta gabanka zai zo ba. Yakan fara cika kwaruruwan da ke bayanka, ka waiwaya ka ga hanyar da ka biyo ta zama rafi. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ku shiga filin sa'a ɗaya kafin ruwan ya gama janyewa, da kun ga matan sun fara ɗaukar buhunansu ku bi bayansu. Zuwa har bakin shingen kuwa sai da ɗan gari.

Arewa, wato Nungwi da Kendwa, labarin daban ne. A can ƙasan teku yana gangarawa da sauri, don haka ruwan ba ya gudu nesa, kullum akwai wurin wanka. Shi ya sa manyan otal-otal da masu shagali suka taru a can, daga can ne kuma yawancin hotunan da suka dame ka suke fitowa. Kendwa ta yi suna da casun dare da ake yi a kwanakin cikar wata. Wurin yana da kyau ƙwarai, faɗuwar rana a can abin kallo ce, amma zurfin da ke faranta wa mai iyo rai shi ne haɗari ga ɗan shekara shida. Ban ce kada ku je ba. Ku je da safe ku dawo. A Nungwi akwai masassaƙan jiragen ruwa da har yau da gizago da ƙusa suke haɗa jirgi a bakin yashi, ba zane a takarda, kuma kusa da hasumiyar fitilar jirage akwai wani tafki na dutse da mutanen ƙauyen suka mayar wurin jinyar kififiyar teku tun shekarun 1990, ana kawo waɗanda suka faɗa komar masunta, a kula da su a sake su. Yara suna son wurin.

Saboda haka idan ni ne, Jambiani ko Bwejuu zan sauka da iyali. Paje tana tsakaninsu, kuma a Agusta sararin samanta cike yake da manyan lemomin masu wasan zamiya da iska, abin kallo daga nesa, amma garin na matasa ne. Jambiani dogon ƙauye ne na masunta, gidaje na dutsen murjani da rufin ganyen kwakwa, masallaci kusa, kiran sallah na iso ka har ɗaki. Rana daga teku take fitowa a wannan gefen, wanda ya fito daga sallar asuba ya ɗan zauna a bakin yashi ya gama samun abin da ya zo nema. Idan kuna son ganin faɗuwarta a kan ruwa ba sai kun tafi arewa ba, ku haura Michamvi, inda gaɓar ta lanƙwasa ta fuskanci yamma ta kan mashigin Chwaka.

Dajin Jozani

Wannan ba a tsallake shi, kuma a kan hanyarku yake tsakanin birni da Paje. Shi ne gandun daji na ƙasa guda ɗaya tak a Zanzibar, an ba shi wannan matsayi a 2004, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 50. Abin da ake zuwa gani jan biri ne da asalinsa na wannan tsibiri ne kaɗai, wanda ƙidayar da aka yi ta nuna duka-duka bai kai 6,000 ba. Bayansa ja, cikinsa fari, fuska baƙa da farin gashi tsaye a ka, hannunsa kuma babu babban yatsa. Ganye yake ci, har da na mangwaro da na wani icen almon na bakin teku, masu ɗauke da sinadarai masu wahalar da ciki, shi ya sa ya koyi cin gawayi. Yakan sauko ya ɗauka a gonar da aka ƙone ko wurin masu yin gawayi. Ka gaya wa yaran tun a mota, za su sa ido.

Birran sun saba da mutane, sukan zauna a reshe daf da kanka suna tauna, ko kallo ba ka ishe su ba. Ƙa'ida ita ce a bar tazarar mita 3, ba taɓawa, ba ba da abinci, mai mura kuma ya ja baya domin suna kamuwa da cututtukanmu. Da jagoran gandun ake shiga. Bayan birran akwai gajeriyar tafiya a ƙarƙashin dogayen itatuwa masu duhuwa, irin dajin da ɗan Kaduna bai saba gani ba, sannan a tsallaka titi zuwa gadar katako da aka shimfiɗa a cikin itatuwan mikoko, masu tsirowa a ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje. Idan ruwa ya janye za ku ga ƙananan ƙaguwoyi masu hannu ɗaya babba suna shiga ramuka suna fitowa a cikin taɓo. Sa'a biyu zuwa uku sun isa duka. Ku isa da an buɗe, kafin motocin otal-otal su cika wurin.

Ƙananan tsibirai da maganar jirgin ruwa

Daga bakin birni, tafiyar kusan rabin sa'a a ƙaramin jirgi mai inji, akwai Changuu, wanda aka fi sani da tsibirin kurkuku. An gina kurkukun a shekarun 1890 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mayar da wurin killace matafiya masu cutar shawara. Yau kunkuru ake zuwa gani, manya-manya irin na tsibirin Aldabra, zuriyar guda huɗu da gwamnan Seychelles ya aiko kyauta a 1919. Wasu sun haura shekara ɗari, kuma babba ɗaya ya fi ƙato biyu nauyi. Fita ce mai sauƙi, kuma wannan gefen na yamma ya fi lafawa. Ana yawan haɗa ta da Nakupenda, wani tudun farin yashi a tsakiyar teku da ke fitowa idan ruwa ya janye ya nutse idan ya ciko. Kyakkyawa ne, amma ko kara ɗaya babu na inuwa sai rumfar da masu jirgi suka kafa, kuma a lokacin baƙi yakan cika maƙil. Idan za ku je, ka tambayi mai jirgi ƙarfe nawa ruwa zai janye ranar, ka ji ko ya sani.

Ga wani abu da ke sa mutane rasa jirgi: agogon Sawahili daga fitowar rana yake fara ƙirga. Idan mutum ya ce maka "saa mbili", wato sa'a biyu, ƙarfe takwas na safe yake nufi. Ka sa ya nuna maka a fuskar waya. Kuma agogonsu yana gaban na Nijeriya da sa'a biyu.

Mnemba, daura da Matemwe, ita ce aka fi tallatawa, kuma ita ce nake cire wa iyalai irin naku. Tsibirin na wani kamfani ne, ba a sauka a kansa. Abin da ake yi shi ne jirgi ya tsaya a kan zurfi, mutane su sa gilashin ido da bututun numfashi su faɗa ruwa su kalli kifaye. Ga wanda ya iya ruwa, aljannar duniya ce. Ga wanda bai iya ba, zama ne a jirgi mai tangaɗi ana jiran wasu, ga jiri ga amai. Haka ma fitar kallon dolfin, wata babbar dabbar teku mai siffar kifi, a Kizimkazi da ke kudancin tsibirin. Yadda aka saba yi, jirage da yawa su ga garke ɗaya su bi shi a guje, ana ihu a ce wa baƙi su yi tsalle. Ban ga nishaɗi a ciki ba, dabbobin ma takura ce gare su. Amma Kizimkazi kanta ku je, saboda wani dalili daban: a Dimbani, wani ɓangare na garin, akwai masallacin da tsohon rubutun Larabci irin na Kufi na jikin mihrabinsa ke ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107 Miladiyya, yana cikin mafi daɗewa a duk gaɓar gabashin Afirka. An sake gina shi a ƙarni na 18, daga waje ba shi da wani kwarjini, kuma har yau ana sallah a ciki. Bature sai ya nemi izini ya leƙa, kai kuwa da alwalarka za ka shiga ka yi nafila.

Idan kuna son yini guda a kan ruwa, na mashigin Menai ya fi dacewa, wanda ake tashi daga Fumba a jirgin katako, a tsaya a tudun yashi, a ci abincin rana a tsibirin Kwale inda wata tsohuwar kuka ta faɗi ta ci gaba da rayuwa a kwance. Akwai kuma Chumbe, tsibirin da aka keɓe murjaninsa tun 1994, mai hasumiya ta 1904 da ɗan ƙaramin masallacin da aka gina wa masu tsaron fitilar. Mutane ƙalilan ake bari a rana, sai an yi rajista tun da wuri, yana da tsada, amma jagororinsa sun saba koya wa waɗanda ba su iya ruwa ba, domin suna kawo 'yan makarantun tsibirin har da 'yan mata.

Duk jirgin da za ku hau, sharaɗina ɗaya ne kuma ba na sassautawa: rigar hana nutsewa ga kowa, a jiki, a ɗaure, da ta yara daidai girmansu. Ka gani da idonka kafin ka biya. Za a ce maka ba komai, ruwa a kwance yake. Mutanen Zanzibar da kansu ba su manta da Satumbar 2011 ba, lokacin da wani babban jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife da dare tsakanin Unguja da Pemba. Idan ka ga an cika jirgi, ka sauka, asarar kuɗin ta fi sauƙi. Matasan da ke tare baƙi a bakin yashi suna tallar fita, waɗanda ake kira papasi, akwai na kirki a cikinsu, amma ba ka da inda za ka kai ƙara idan abu ya lalace. Ka bi ta masaukinka.

Gonakin kayan ƙamshi da ke Kizimbani da Kidichi, arewa da birni, fitar rabin yini ce, kuma ina jin maiɗakinka za ta fi kowa jin daɗinta. Kanumfarin da take sawa a kunu da shayi za ta gan shi a bishiyarsa, a ɓare mata ɓawon kirfa ta sansana, a tono citta da kurkum a gabanta. Sarkin Oman Sayyid Sa'id, wanda ya maido fadarsa nan daga Maskat wajen 1840, shi ya ƙarfafa noman kanumfari, kuma da gumin bayi aka yi shi. Tsohon birnin, wato Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ku ba shi yini ɗaya, da yamma ku ƙare a lambun Forodhani inda samari ke tsalle cikin teku daga kan katanga, masu gashin kifi da masu matse rake kuma suna kunna fitilu.

Pemba kuwa, wadda Larabawa suka kira koren tsibiri, ta fi Unguja tuddai da itatuwa, daga can mafi yawan kanumfarin yake fitowa, akwai dajin Ngezi da farin yashin Vumawimbi da manyan jemagu masu jan ƙirji, baƙi kuma kaɗan ne. Ina sonta, amma mako guda da ƙananan yara ba zai ɗauke ta ba. A bar ta sai wani jiƙon.

Maganar sutura

Gaskiya ita ce za ku ga abin da ba ku saba gani ba, musamman a yashin gaban manyan otal-otal. Babu wanda zai yi maka alkawarin akasin haka. Amma iyakarsa ke nan. Da ka taka cikin ƙauye ko birni, matan gari da hijabi da baƙar abaya suke, 'yan mata 'yan makaranta da farin mayafi, maza da jallabiya da hula ranar Juma'a. A 2021 hukumomin Zanzibar sun fito sun ce dole baƙo ya rufe daga kafaɗa zuwa gwiwa a cikin jama'a, har da tara, ko da yake ba kowa ke bi ba. Maiɗakinka ba za ta zama bare ba, da hijabinta za ta shiga ruwa yadda matan garin ke shiga. Sai dai ta guji dogon mayafi mai nauyi da zani mai faɗi, domin idan suka sha ruwa suna ja, suna kuma naɗe ƙafa. Doguwar riga mara nauyi da wando a ciki sun fi. Ƙaramin masauki a ƙauye, ko gidan haya mai kicin, ya fi muku babban otal mai mashaya a tsakar gida. Ka tambaya kafin ka biya ko ana kiɗa da dare. Nama a gari na Musulmi ne, a manyan otal-otal ne za ka tambaya.

Rabon kwanakin, yadda nakan tsara: biyu na farko a birni, a huta gajiya, a ga Changuu da gonar ƙamshi. Rana ta uku a bi ta Jozani a wuce gabas. Sauran a Jambiani, a ware yini ɗaya na Kizimkazi ko Menai, a bar aƙalla yini ɗaya babu komai a cikinsa. Ka daidaita ranakun gabas su faɗa kan tsayuwar wata ko tsakiyarsa, sannan ka sayi tikiti. Rana a can tana ƙuna ko da iska na kaɗawa, farin yashi kuma yana maido haske a ido, baƙar fata ma tana saɓulewa, don haka hula da ruwan sha da man kariya ga yara.

Ban sa maka farashi ba da gangan, domin kuɗin shiga wurare da na jirage suna sauyawa, na Agusta kuma ya fi na sauran watanni. Maganin zazzaɓin cizon sauro da abin da ya dace da yara, wannan na likita ne ba nawa ba, ka gan shi kafin tafiya. Abin da ke hannuna shi ne takardu. Katin rigakafin shawara dole ne ga mai fitowa daga Nijeriya. Tun 1 ga Oktoba 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya ta kamfanin gwamnatinta, dala 44 ga babban mutum, ko da kana da wata. Mafi muhimmanci, Nijeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da ba a ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi, sai an nema ta intanet an tura hedikwatar shige da fice ta amince, kuma yakan ɗauki makonni. Ka nema tun da saura wata biyu ko fiye, ka duba shafin hukumar da kanka domin ƙa'idojin kan sauya, kuma kada ka sayi tikitin da ba a maido kuɗinsa sai bizar kowa ta fito, har da ta ƙaramin.